Idan Cutar Mantuwa Ta Kama Mahaifi: A Gidansa, A Gidanka, Ko A Hannun Masu Kula?

Da zarar likita ya tabbatar cewa abin da ke damun mahaifiya ko mahaifi cutar mantuwa ce, tambayar da ke fara tasowa tsakanin 'ya'ya ita ce a ina zai zauna, kuma wa zai riƙe shi. Galibi ana yanke wannan hukunci ne cikin firgici, bayan wani abu ya faru: an bar tukunya a wuta har ta ƙone, ko tsoho ya fita da hantsi ba a gan shi ba sai dare. Wanda ya fi kusa, ko wanda ya fi raunin zuciya, sai ya ce "ku bar min shi," kowa ya sa masa albarka, a watse. Bayan 'yan watanni a tarar da shi ya rame, ba ya barci, kullum cikin faɗa da 'yan uwansa a waya.

Hanyoyin da ke gaban iyali ba su da yawa. Ko a bar tsoho a gidansa ana leƙa shi, ko ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ɗauke shi, ko a ɗauki mai aikin jinya da ake biya, ko a riƙa kai shi cibiyar wuni, ko a kai shi gidan kula da tsofaffi. Kowace tana da lokacinta. Ma'aunin da nake so a auna su da shi tambayoyi biyu ne da ba a cika yin su a taron iyali ba: wa zai farka da dare, kuma idan mai jinyar ya kwanta ciwo gobe, wa zai tsaya a gurbinsa? Duk tsarin da ba shi da amsar waɗannan biyun zai rushe, komai kyawun niyyar masu shi.

Nauyin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke fama da wannan cuta, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma kusan miliyan 10 ke ƙaruwa duk shekara. A lissafin hukumar na 2019, cutar ta ci wa duniya dala tiriliyan 1.3, kusan rabi kuwa ƙimar aikin da iyali da abokai ke yi ne ba tare da an biya su ba, kimanin awa 5 a kullum. Kashi 70 cikin ɗari na waɗannan awanni mata ne ke ɗaukarsu. A riƙe wannan adadi na ƙarshe a zuciya, don zai sake taso mana.

Kafin a zaɓa, a san irin cutar

Ba kowace mantuwa ce wannan cuta ba. Ƙarancin sinadarin B12, matsalar tayirod (gaɓar gaban wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo), ciwon damuwa, raunin ji, har da wasu magungunan barci da na mafitsara, duk suna iya sa tsoho ya rikice, kuma yawancinsu ana magance su. Asara ce a tayar da gida, a bar aiki, a kan abin da gwajin jini zai gano.

Idan kuma ita ce, a tambayi likita wace iri ce, domin irinta ke nuna irin wahalar da ke tafe. Alzheimer, wadda ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, tana tafiya a hankali, ta fara cinye abin da ya faru ɗazu ta bar na shekaru hamsin da suka wuce. Wadda toshewar jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke jawowa takan sauko mataki-mataki, a zauna lafiya watanni sannan a wayi gari an yi ƙasa, kuma kula da hawan jini da ciwon suga na da muhimmanci a kanta. Mai suna Lewy tana zuwa da ganin mutane ko dabbobin da babu su, da sandarewar jiki da yawan faɗuwa, yau garau gobe a ruɗe. Akwai kuma wadda ke kama gaban ƙwaƙwalwa, sau da yawa kafin shekara 65, wadda ke fara sauya hali tun mantuwa ba ta bayyana ba: mutum mai kunya ya koma faɗin abin da bai kamata ba, mai tattali ya koma watsa kuɗi. Magunguna irin su donepezil da rivastigmine da memantine suna iya sassauta alamomi na wani lokaci a wasu mutane, amma ba sa tsayar da cutar. Mai Alzheimer yakan rayu shekara 4 zuwa 8 bayan an gano ta, wasu har 20. Tsarin shekaru ake yi ke nan, ba na watanni ba.

A bar shi a gidansa

Babban alherin wannan hanya shi ne jiki ya san gida ko da kai ya manta. Ƙafar tsoho ta san taku nawa ne daga gado zuwa bayi, hannunsa ya san inda makunnin fitila yake, maƙwabta sun san shi, idan suka gan shi a bakin titi cikin kayan barci za su juyo da shi. Wannan sani na jiki yana daga cikin abubuwan da ke daɗewa ba su gushe ba, kuma ba a saye shi da kuɗi a wani wuri. Ga kuma mutunci: yana ɗakinsa, a kan kujerarsa, ba baƙon kowa ba.

Matsalar tana cikin awannin da ba kowa. Kuma ziyara tana yaudara. Masu wannan cuta da yawa suna iya tattara kansu na rabin awa, su gaisa da kyau, su tambayi yara, su yi dariya inda ya kamata, ɗa ya koma yana cewa "ai Baba da sauƙi." Mai son sanin gaskiya ya bar hira ya duba kaya. Ya ƙirga ƙwayoyin magani ya ga ko sun yi daidai da kwanakin, don wani ya manta bai sha ba, wani ya sha sau uku. Ya duba ko abincin da aka kawo shekaranjiya yana nan ya lalace, ko tufafin jikinsa na makon jiya ne, ko wandonsa ya fara yi masa yawa, ko kuɗi na fita ta hanyar da ba a gane ba. 'Yan damfara suna gane irin waɗannan tsofaffi da wuri.

Ana iya rage haɗari da ƙananan gyare-gyare: fitila mai kwana a kunne a hanyar bayi, a kwashe shimfiɗun da ke harɗe ƙafa, a sa ƙarfen riƙewa a wurin wanka, a cire abin girki mai wuta idan ba kowa, a ɗinka suna da lambar waya a cikin riga, a rataya ƙararrawa a ƙofa. Mabuɗin mota kuwa a karɓe shi tun kafin a yi abin da-na-sani, ko da zai yi fushi. Abu ɗaya da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne a kulle tsoho shi kaɗai a ciki a tafi aiki. Idan wuta ta tashi, ko ya faɗi, an gama. Ranar da aka ga sai an kulle shi kafin a fita, ranar wannan hanya ta ƙare.

Akwai wani reshe nata da ya fi kowanne daɗi ga mara lafiya, wato ɗa ko 'ya ta tare a gidan tsohon. Shi bai rasa komai ba. Amma wanda ya taren shi ke biyan kuɗin da rayuwarsa, da aikinsa, wani lokaci da aurensa, kuma ya kamata sauran su san haka su faɗe shi a fili.

Ka ɗauke shi zuwa gidanka

Wannan ita ce hanyar da zuciya ke fara kawowa, kuma tana da hujja. Ido na kansa dare da rana, magani na kan lokaci, ba a biyan haya biyu, ga jikoki suna kai-komo suna ɗebe masa kewa. Mutane da yawa sun yi haka sun samu natsuwar da ba za su manta ba.

Amma ƙaura kanta tana girgiza mai wannan cuta. Makonnin farko sai ka ga kamar ya ƙara lalacewa: ya yi fitsari a lungu don bai gane ƙofar bayi ba, ya tashi cikin dare yana laluben bangon da ba nan ya san shi ba. Wasu suna sabawa, wasu ba sa komawa yadda suke. Shi ya sa idan har an san ƙaura za a yi, gara da wuri, lokacin da kai ke iya koyon sabon wuri, da a jira sai ya daina koyon komai.

Sai maganar da ake kauce wa. Ɗa namiji ne ke cewa "na ɗauke ta," amma da safe ya fita aiki. Wadda za ta yi wanka, ta canza zanen gado, ta sha zargi, matarsa ce ko 'yarsa budurwa. A nan kashi 70 ɗin nan ke fitowa. Duk wanda zai kawo mahaifiyarsa gida ya zauna da wadda aikin zai faɗa kanta, ya tambaye ta da gaske, ya kuma ba ta damar ta ce ba za ta iya ita kaɗai ba, ba tare da an mai da ita maras imani ba.

Domin abin da za ta fuskanta ba wasa ba ne. Tsohuwa ta ɓoye jakarta a cikin rigar matashi, ta manta, ta fito tsakar gida tana nuna wadda ta kwana tana yi mata hidima: "Ke kika ɗauke min kuɗi, ɓarauniya!" Rantsuwa ba ta amfani a nan, jayayya kuwa ƙara wuta take. Abin da ke aiki shi ne a ce, "Subhanallahi Mama, sun ɓace? Zo mu duba tare," a kai ta inda aka san tana ɓoyewa, a bar ta ta gano da hannunta. Ko kuma da la'asar sakaliya, rana na shirin faɗuwa, tsoho ya sa takalmi ya tsaya bakin ƙofa: "Zan tafi gida, Inna na jirana." Innar ta rasu shekara arba'in. Idan ka ce masa ta rasu, sabuwar mutuwa ka yi masa, zai yi kuka kamar yau aka yi, gobe kuma ya sake tambaya. Sai dai ka ce, "To Baba, bari rana ta ɗan yi sanyi. Ba ni labarin Inna, yaya take?" ka zaunar da shi, ka kunna fitilu tun duhu bai shigo ba, ka ba shi wani abu ya riƙe a hannu. Wannan rikicewar yamma sananniya ce a cutar. Ana koyon yadda ake bi da ita, amma yin haka kullum, shekara da shekaru, a kan barcin awa uku, shi ne abin da ke karya mutane.

Ga wata dabara da iyalai ke yi don adalci, wadda a ganina ita ce mafi muni: a riƙa zagayawa da tsoho, wata biyu gidan wannan, wata biyu gidan wancan. Adalci ne ga 'ya'ya, azaba ce ga mara lafiya, don kafin ya gane hanyar bayi an sake kwashe shi. Idan karɓa-karɓa za a yi, 'ya'yan su riƙa zagayowa, shi ya zauna wuri ɗaya.

A ɗauki mai aikin jinya

Wannan hanya tana tafiya tare da biyun farko, kuma ita ce ke tsawaita rayuwarsu. Kuskuren da ake yi shi ne jira sai mai jinyar gida ta durƙushe. Tsoho ya fi karɓar baƙuwar fuska tun yana iya sabawa da ita.

Idan kuɗi bai kai na cikakken lokaci ba, a sayi awannin da suka fi wuya: wankan safe, rikicin yamma, ko dare biyu a mako don mai gida ta yi barci. Akwai ma aikin da bare ya fi ɗa iyawa. Uba da yawa ba zai yarda 'yarsa ta tuɓe shi ba, zai yi faɗa, zai kai duka, amma ya miƙa wuya ga namiji ma'aikaci da ya ɗauka ma'aikacin asibiti ne. Kunyarsa ce ke faɗan, kuma tana da haƙƙi a kiyaye ta.

Tsakanin mai zuwa ya tafi da mai kwana a gida, na farko ya fi sauƙin kuɗi kuma gida na nan a matsayin gida, sai dai dare na kanku. Na biyu yana rufe dare, amma a tuna mutum ɗaya ba zai yi aikin awa 24 ba. Wanda aka hana barci da hutun mako zai gaji kamar yadda 'yar gida ta gaji, shi kuwa ba shi da soyayyar jini da za ta riƙe shi. Ko ya tafi, ko ya fara huce haushinsa kan tsoho. Ɗauka ta hannun kamfani ya fi tsada, amma idan ma'aikaci bai zo ba ana turo wani. Ɗauka kai tsaye ya fi araha kuma fuska ɗaya ce kullum, abin da mai mantuwa ke buƙata, sai dai ranar da bai zo ba babu madadi.

Wajen tantancewa, takardar shaida ba ta kai tambaya ɗaya mai kyau ba. Ka ce masa, "Idan ta ƙi wanka kwana uku, me za ka yi?" Wanda ya ce zai nuna mata dole ne, a sallame shi da girma. Wanda ya ce zai bari zuwa anjima, ya gwada goge jiki da tawul mai ɗumi, ya duba ko sanyi take ji ko tsoron faɗuwa, shi ake nema. A kira waɗanda ya yi wa aiki a baya. A ajiye littafi ana rubuta abin da aka ci, maganin da aka sha, bayan gida da barci. A riƙa shigowa ba sanarwa. A duba jiki lokacin canza kaya, a lura ko tsoho na ƙanƙancewa idan ma'aikacin ya matso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama ya gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma mai mantuwa ba zai iya kawo ƙara ba. Idan kuma aka dace da nagari, a riƙe shi da kyau: albashi kan lokaci, hutu, da girmamawa. Kuma kada a kore shi don kawai tsohuwa ta ce ya yi mata sata, sai an bincika.

Cibiyar wuni, inda ake da ita, tana ba mai jinya damar ci gaba da aikinsa, shi kuma tsoho ya samu mutane da motsa jiki, ya dawo a gajiye ya yi barcin dare. Ta fi dacewa da farkon cutar zuwa tsakiyarta. Makonnin farko zai ƙi zuwa, kada a karaya. Wasu gidajen kula kuma suna karɓar mutum na mako ɗaya ko biyu don iyali su huta.

Gidan kula da tsofaffi

Nan ne zuciya ke nauyi. Da yawa sun yi wa iyayensu alkawari, ko sun yi wa kansu, cewa ba za su taɓa kai su irin wannan wuri ba. Ina girmama wannan alkawari. Amma an yi shi ne lokacin da ba a san cewa wata rana sai mutum biyu sun haɗu kafin a ɗaga tsoho daga gado ba, ko sai an juya shi duk bayan 'yan awanni don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ko zai riƙa fita ƙarfe uku na dare, ko zai ɗaga sanda kan jika. Idan aka kai nan, kuma babu kuɗin ɗaukar ma'aikata biyu ko uku masu karɓa-karɓa, wurin da ke da ma'aikatan dare da nas na iya fin gida aminci. 'Ya da ta kai mahaifiyarta irin wannan wuri tana zuwa kullum ta ba ta abinci da hannunta ba ta yar da ita ba.

Ita ce hanya mafi tsada a mafi yawan wurare, kuma ingancin gidajen ya bambanta ƙwarai. Akwai masu kyau, akwai waɗanda ko kwana ɗaya bai kamata a bar mutum ba. Kyan gini da furanni a ƙofa ba sa nuna komai. A je lokacin cin abinci a ga ko ana zama a ba waɗanda ba sa iya ci da kansu, ko ana ajiye kwano a dawo a ɗauke. A tambaya ma'aikata nawa ke kwana da mutum nawa. A tambaya shekara nawa tsofaffin ma'aikata suka yi a wurin. A saurari yadda suke kiran mazauna, da suna da girmamawa ko da tsawa. A duba ko ana ɗaure mutane a kujera. Idan ka shiga da rana tsaka ka tarar kowa na gyangyaɗi baki buɗe, ka tambayi irin maganin da ake ba su. Tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa magungunan taɓin hankali da ake ba tsofaffi masu mantuwa don kwantar da su suna ƙara haɗarin mutuwa, kuma masu nau'in Lewy suna iya shiga mummunan hali da su. Akwai lokacin da likita zai ga dole a ba da su, kaɗan kuma na ɗan lokaci, amma ba don ma'aikata su huta ba. Wannan gargaɗi ya shafi gida ma, inda gajiya ke sa a nemi "maganin da zai sa ya yi barci."

Kafin a yanke cewa lokacin sauya tsari ya yi, a lura da abu guda. Galibi cutar mantuwa ba ta lalata mutum cikin kwana biyu. Idan tsoho ya rikice farat ɗaya, ya daina gane kowa, ko ya koma barci ba ji ba gani, a nemi wani dalili: cutar mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, taurin bayan gida, ciwon haƙori ko wani zafi da ya kasa faɗa, ko sabon magani. Asibiti ake zuwa a ranar. Sau da yawa idan an magance, yakan dawo kusa da yadda yake.

Shi kuma mai jinyar, wa ke riƙe da shi?

Duk hanyar da aka zaɓa, akwai mutum ɗaya da nauyin zai fi hawa, kuma tallafin da yake samu shi ke nuna tsawon lokacin da tsarin zai kai. An gwada wannan. A Jami'ar New York, Mary Mittelman da abokan aikinta sun bi mata da mazan da ke jinyar abokan aurensu masu Alzheimer shekaru da dama. Waɗanda aka ba 'yan zaman shawarwari, wasu su kaɗai wasu tare da iyali, da shiga ƙungiyar masu jinya, da damar kiran mai ba da shawara a waya, sun riƙe marasa lafiyarsu a gida kimanin shekara ɗaya da rabi fiye da sauran, kamar yadda aka wallafa a 2006. A Landan kuma, shirin START na Gill Livingston, zama takwas kacal na koyar da dabarun jurewa, ya rage damuwa da fargaba a zukatan masu jinyar iyali. Ba a ba mara lafiya ko ƙwaya ɗaya a waɗannan gwaje-gwaje ba. Mai jinyar aka kula da shi.

Tallafin iri-iri ne, kuma wani ba ya maye wani. Ilimi yana rage faɗa da kuka, don wanda ya fahimci cewa tambaya sau ashirin ba neman rigima ba ne zai daina ɗaukar ta da zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya na da shiri kyauta mai suna iSupport, wanda ke koyar da sanin cutar, da hidimar yau da kullum, da yadda ake bi da sauyin hali, da kula da kai, kuma ƙasashe da dama sun fassara shi. Ƙungiyar masu jinya, ko a zaune ko ta waya, tana ba da abin da littafi ba ya bayarwa, wato wurin da za ka ce "jiya na yi wa mahaifiyata tsawa" ko "wani lokaci ina fatan abin ya zo ƙarshe" ba wanda zai zaro ido, don duk sun taɓa jin haka. Alzheimer's Disease International, haɗakar ƙungiyoyin wannan cuta ta duniya, na da ƙungiyoyi mambobi a ƙasashe fiye da 100, kuma ta nan ake iya gano ta kusa. Idan kuwa mai jinya ya daina jin daɗin komai, barci ya ƙaurace ko da an samu dama, ko ya ji hannunsa na neman kai duka, wannan ya wuce hira, likita yake buƙata shi ma.

Amma ilimi da hira ba sa ɗaga tsoho daga gado. Hutu na zahiri daga 'yan uwa yake fitowa, ko daga kuɗinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. "Idan kina buƙatar wani abu ki faɗa" ba taimako ba ne, don wadda ta gaji ba ta da ƙarfin roƙo. A raba aiki da suna da rana: wane ke kai shi asibiti, wance ke kwana ranar kaza, wane ke biyan ma'aikaci da kunzugun manya. Wanda ke nesa ya aiko kuɗi a kan lokaci, kuma ya zo ya karɓi jinyar gaba ɗaya na mako guda, mai jinyar ta bar gidan ta tafi wani wuri. Wanda kuma ke zuwa ziyarar awa ɗaya ya riƙe gyare-gyarensa, sai ya kwana uku a ɗakin tukuna.

Maganar dukiya da wakilci a yi ta tun tsoho na gane abin da yake sa wa hannu. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan ko'ina idan hankali ya gushe ba a rubuta wakili ba, taɓa asusunsa don jinyarsa kan zama doguwar shari'a. A ga lauya, a rubuta wanda zai riƙe kuɗi da wanda zai yi magana da likitoci, mai riƙe kuɗin kuma ya riƙa ajiye rasit yana nuna wa sauran. A tambayi shi mai abin ma inda yake so ya zauna da wanda yake so ya taɓa jikinsa. A farkon cutar yana da amsa.

Da ni za a tambaya, ga yadda zan jera su. A farko, a bar shi a gidansa, a gyara gidan, a shigo da mai taimako na 'yan awanni tun ba a matsu ba, a kammala takardu. Idan zaman kaɗaici ya zama haɗari, wani ya tare wurinsa, in ba zai yiwu ba a yi ƙaura sau ɗaya zuwa gidan da ya fi yawan hannaye da sarari, ba lallai gidan babban ɗa ba, tare da ma'aikaci da ranakun hutu a rubuce. Idan dare ya gagara, ko ɗagawa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, ko lafiyar mai jinya ta fara taɓuwa, a ƙara ma'aikatan dare ko a nemi gidan kula da aka bincika da ido. A riƙa sake zama duk bayan wata uku ana duba ko tsarin na nan da ƙafarsa.

A matakin ƙarshe, lokacin da tafiya da magana suka tafi, haɗiya ma takan gagara, abinci ya riƙa sarƙewa yana jawo ciwon huhu. Za a kawo maganar sa bututun abinci. Ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ba ta ba da shawarar sa shi ga wanda cutar ta yi nisa ba, domin bincike bai nuna yana tsawaita rai ko hana ciwon huhun ba, ta fi son a ci gaba da ba da abinci da hannu, a hankali, gwargwadon abin da ya karɓa. Wannan, da maganar ko za a riƙa garzayawa asibiti duk lokacin da jiki ya motsa ko a nemi masu kula da sauƙaƙa raɗaɗi su riƙa zuwa inda yake, abubuwa ne da ya kamata 'ya'ya su tattauna da likita tun da sauran lokaci, kowa na zaune, a rubuta abin da aka amince a ba kowa kwafi.